An kama yaro a kan iyaka ba shi da takarda: doka ta yarda a kulle shi?

Ɗan Matamaye

Assalamu alaikum. Tambayata ga masana doka ce da masu aikin kula da yara da ke cikinmu. Kowa ya san yadda ayarin motoci ke sauke mutanen da aka koro daga Aljeriya a Asamaka, garin Nijar na bakin iyaka, kuma cikinsu akwai yara ba kaɗan ba, wasu a bayan iyayensu mata, wasu su kaɗai. Kafin su iso sai sun kwana a tsare a Tamanrasat ko wani gari a hanya. Na Libiya kuwa, abin da ake ji shi ne ɗan shekara 14 ana zuba shi ɗaki ɗaya da manya, ba ranar fita.

Shin akwai dokar da ta hana a kulle yaro don kawai ba shi da fasfo, ko dai buri ne na ƙungiyoyi? Mene ne kuma bambancin ɗan gudun hijira da ɗan ci-rani wajen haƙƙi, tunda ana cewa namu 'yan ci-rani ne, HCR, hukumar 'yan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ba ruwanta da su? Sai wadda ta fi damuna: in ba a tsare yaron ba, ina za a kai shi? Jami'i ya tsinci yaro a bakin iyaka ƙarfe biyun dare, ba uwa ba uba, da me zai fara? Don Allah a yi bayani dalla-dalla, yadda mutum zai iya maimaita wa wasu.

Malamin Doka

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Bari in fara da ta biyun, don ita ke rikita mutane.

A Yarjejeniyar Geneva ta 1951, ɗan gudun hijira shi ne wanda ya bar ƙasarsa saboda tsoro mai dalili cewa za a gallaza masa a kan ƙabilarsa, addininsa, asalin ƙasarsa, ra'ayinsa na siyasa ko wani rukunin jama'a da yake ciki. Afirka ta faɗaɗa ma'anar a yarjejeniyar ƙungiyar haɗin kan Afirka, OAU, ta 1969 a Addis Ababa: wanda mamaya ta kora, ko tashin hankalin da ya wargaza zaman lafiya a wani yanki na ƙasarsa, shi ma ɗan gudun hijira ne, ba sai ya nuna cewa shi aka nufa da kansa ba. Da wannan ma'anar mutanen Borno da suka tsallaka Diffa ko sansanin Minawao a Kamaru suke 'yan gudun hijira, haka mutanen Sakkwato da Zamfara da Katsina da suka shiga jihar Maraɗi tun 2019. Wanda fari da yunwa suka kora zuwa Aljeriya ba ya ciki. Abin da ɗan gudun hijira ya fi ɗan ci-rani da shi yana sashe na 33 da na 31 na yarjejeniyar Geneva: ba a mayar da shi inda ransa ko 'yancinsa ke cikin haɗari, kuma ba a hukunta shi don ya shigo ta ɓarauniyar hanya, muddin ya taho kai tsaye daga inda yake tsoro, ya kai kansa ga hukuma ba jinkiri, ya faɗi dalilinsa.

Amma maganar kulle yaro ba a kan wannan bambancin ta rataya ba. Yarjejeniyar haƙƙin yara ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1989 ta rufe kowane yaro da ke ƙarƙashin ikon ƙasa, ɗan ƙasa ne ko baƙo, da takarda ko babu. Nijar da Najeriya da Aljeriya da Libiya duk sun amince da ita. Ta Afirka ta 1990 ta ƙara da cewa yaro shi ne duk wanda bai cika 18 ba, ba ta bar wata kafa ba.

Inda gwamnatoci suka daɗe suna fakewa shi ne sashe na 37(b) na yarjejeniyar 1989, wanda ya ce tsare yaro sai in babu sauran dabara, kuma na mafi gajeren lokaci. Sai kowace ta ce ai nata ma don babu dabara ne. A watan Nuwamba 2017 kwamitin haƙƙin yara da kwamitin haƙƙin ma'aikata 'yan ci-rani suka fitar da fassara ta haɗin gwiwa da ta toshe wannan ƙofar. Abin da suka bayyana shi ne, wancan sharaɗin na yaron da ake tuhuma da laifi ne, shi kuwa rashin takardar shiga ƙasa ba a daidaita shi da laifi, saboda haka tsare yaro a kan matsayinsa ko na iyayensa ba ya taɓa zama maslaharsa. Sun kuma amsa hujjar nan ta "mun tsare shi ne don kada mu raba shi da uwarsa": in ba a son raba su, uwar ake saki tare da shi.

Ba zan ɓoye maka raunin abin ba. Fassarar kwamiti ba hukuncin kotu ba ce, babu ɗan sandan da zai zartar da ita. Yarjejeniyar ƙaura ta Marakesh ta 2018, wadda manufarta ta 13 ta yi alkawarin aiki don kawo ƙarshen tsare yara, ba ta ɗaure kowa, kuma ranar ƙuri'a a babban zauren Majalisar, 19 ga Disamba 2018, Aljeriya da Libiya suna cikin ƙasashe 12 da suka ƙaurace. Dokar Libiya mai lamba 19 ta 2010 ta mai da shiga ba izini laifi mai ɗauri da aikin dole ko tara, sannan kora, ba ta sa wa'adi ba, ba ta ware yara ba. Libiya ba ta cikin yarjejeniyar 1951, ko da yake tana cikin ta OAU. Dokar Aljeriya mai lamba 08-11 ta 2008 ta yarda a tsare baƙo kwana 30, ana iya sabuntawa. Sai dai ita Aljeriyar tana da dokar kare yara ta 2015, mai lamba 15-12, wadda ta lissafa yaro ɗan gudun hijira cikin yaran da ke cikin haɗari. Duk lauyan da zai yi magana a can da wannan ya kamata ya fara, don tasu ce, ba wanda ya kawo musu ita daga waje.

Kuma kotuna sun riga sun yi magana a wasu wurare. A 2004 babbar kotun Pretoria ta Afirka ta Kudu ta haramta tsare yara baƙi marasa rakiya a cibiyar tsare baƙi ta Lindela. A 2006 kotun haƙƙin ɗan'adam ta Turai ta kama Beljiyam da laifi a kan yarinya 'yar shekara 5 daga Kongo da aka kulle kusan wata biyu cikin manya, aka kuma ɗora ta jirgi zuwa Kinshasa alhali uwarta tana Kanada. Meziko ta gyara dokarta, daga Janairu 2021 an hana ajiye yara a wuraren tsare baƙi. Tambaya ta ukun, ta inda za a kai yaron, na bar wa masu aikin fili, sun fi ni saninta.

Uwar Riƙo

Malam ya yi bayanin doka, Allah ya saka. Ni zan ɗauki yaron nan na ƙarfe biyun dare, domin yawancin ɓarnar a kwana ukun farko ake yin ta, kuma da alƙalami ake yi.

Kafin tambaya, ruwa. Waɗanda ba 'yan Nijar ba akan sauke su a wurin da ake kira Point Zéro, su taka kusan kilomita 15 cikin rairayi kafin Asamaka. Yaron da ya iso leɓe a tsage, ido ya faɗa, fitsari ya ɗauke, ruwan gishiri da sukari ake ba shi kaɗan-kaɗan: ƙunshin ORS ɗaya a lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, in babu, ƙaramin cokali 6 na sukari a shafe da rabin ƙaramin cokali na gishiri a lita ɗaya. In ba ya iya haɗiya ko hankalinsa ya gushe, asibiti kai tsaye. A cire masa takalmi a duba tafin ƙafa. Sai ya ci ya yi barci a ɗakin da babu baƙin maza manya, sannan a zauna da shi.

Zaman kuma ba a gaban mai kaki da bindiga ba. Ma'aikacin jin daɗin jama'a ne ke yi, da tafinta na harshen yaron, yarinya kuwa mace ce za ta tambaye ta. Ana rubuta sunansa da laƙabin da ake kiransa da shi a gida, sunan uwa da na uba da na kaka, ƙauye, sunan mai gari, kasuwar da ta fi kusa da ranar da take ci, da duk lambar wayar da ya haddace. Ƙaramin yaro ba zai san sunan gunduma ba, amma ya san kasuwarsu ranar Laraba take ci. A ɗauki hotonsa da kayan da ya zo da su. Ɗan ƙarami da bai iya magana sosai ba, kada a zubar da tufafinsa ko layar wuyansa ko zanen goyonsa, da su uwa take shaida ɗanta.

Wuri na farko da ake kuskure shi ne shekaru. Jami'i ya kalli gashin baki ya rubuta 19, shi ke nan yaro ya koma layin manya, duk haƙƙin da Malam ya lissafa ya tafi. Yawancin yaranmu ba su da takardar haihuwa, masu ita ma sau da yawa shekarar kawai aka ƙiyasta, sai a cika musu 1 ga Janairu, wanda ke iya ƙara wa yaro kusan shekara guda a kan takarda. Ƙa'idar da kwamitin haƙƙin yara ya shimfiɗa tun 2005 ita ce, in akwai shakka, a ɗauke shi yaro. Hoton ƙashin wuyan hannu da wasu ƙasashe ke dogara da shi ba ya raba gardama: ma'aunin da ake gwadawa da shi daga yaran birnin Cleveland na Amurka aka ɗauko shi tun shekarun 1930, yana iya kuskure da shekara biyu sama ko ƙasa, kuma daidai kan 17 zuwa 19 inda ake buƙatarsa nan ya fi rauni, don ƙasusuwan sun gama haɗewa. Hira ta fi shi amfani. A tambaye shi ajin da ya bari, ƙannensa nawa da tazararsu, azumi nawa ya yi cikakke, wace shekara aka yi masa kaciya.

Na biyu shi ne rabuwa. Akwai yaro mara rakiya, wanda babu wani babba da ke da alhakinsa, akwai kuma wanda ya rabu da iyayensa amma yana tare da gwaggo ko yaya ko kawu. Na biyun ba a ƙwace shi daga hannun danginsa don kawai ba su ne suka haife shi ba, riƙo al'adarmu ce. Sai dai a yankin Kance na jihar Damagaram an san ana ba da yara ga wata mace ta tafi da su bara Aljeriya, a raba abin da aka samu. To ba a yanke hukunci da kallo. A tambayi matar da yaron daban-daban abubuwa iri ɗaya, sunan uba, yawan 'yan ɗaki, wanda ya raka su tasha, a gwada amsoshin. A lura da yadda yaron ke yi in ta shigo, ko yana lafewa jikinta ko yana sunkuyar da kai. Ko an gano ba uwarsa ba ce, raba su nan take a tsakiyar sahara yakan fi cutar da shi. A rubuta, a sa ido, a bar wa alƙalin yara hukunci. Wa da ƙane kuwa ba a raba su ko da ɗaya ya haura 18.

Inda za a kai shi: a Nijar alƙalin yara ne ke ba da umarnin ajiya na wucin gadi, hukumar kare yara ta jiha ta karɓe shi. A Agadas akwai cibiyar saukar yara da take gudanarwa da taimakon UNICEF. Abin da ya raba irin wannan da gidan tsarewa ba fentin bango ba ne. Ka duba ko ƙofa a buɗe take da rana, ko yaro na iya kiran waya, ko ma'aikatan fararen hula ne, ko an gaya masa abin da ake ciki da kwanakin da zai yi. In ba ya iya fita, a tsare yake, ko me aka rubuta a allon ƙofa.

Abin da ya fi cibiya shi ne gidan riƙo, musamman ga 'yan ƙasa da shekara 3, waɗanda ƙa'idojin Majalisar na 2009 suka ce cikin iyali ya kamata a rene su. Shawarata: a zaɓi gidajen tun kafin buƙata ta taso, da shaidar mai unguwa da liman, a shiga gidan a ga inda yaro zai kwanta, a ji ta bakin matar gida da kanta ba ta mijin kaɗai ba. Yara biyu ko uku sun isa gida ɗaya, sai in 'yan ɗaki ɗaya ne. A ziyarta a makon farko, a keɓe da yaron a tambaye shi. Tallafin a ba gidan duka, hatsi da sabulu da tabarma da gidan sauro, don in baƙo ne kaɗai ke da sabon takalmi, 'ya'yan gida za su tsane shi. Abin da ke ɓata riƙo sananne ne: yarinya ta koma 'yar aiki, yaro ya koma talla. Ziyarar ba-zata ce maganinsa.

Ɗan Tasha

Hajiya, na ji bayaninki kuma ban ƙi ba, amma akwai abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya. Cibiyar da ƙofarta ke buɗe, ai ɗan kamasho ma ya san hanyarta. Yaron da ya ci bashi don ya kai Libiya, ko iyayensa suka sayar da gona, ba zai zauna ba, kwana biyu zai sulale ya koma hannun masu safara. A watan Oktoba 2013 gawa 92 aka tsinta a sahara kusa da iyakar Aljeriya bayan motocinsu sun lalace, 52 yara ne, 33 mata, akasarinsu daga yankin Kance. Da an tare su an kulle su a Arlit, da suna raye. Shin kulle yaro mako biyu don a cece shi bai fi a bar shi ya koma hanya ba? Kuma tun da aka soke dokar 2015-36, wadda Nijar ta kafa don hana safarar baƙin haure, a Nuwamba 2023, motocin a fili suke lodi.

Ma'aikacin Lafiya

Ɗan'uwa, tambayarka mai nauyi ce, kuma da ita hukumomi da yawa ke kare kansu. Matsalar ita ce mako biyun ba ya tsayawa mako biyu. Da zarar an kulle yaro, gaggawar neman danginsa ta mutu, tunda an san inda yake. Takardar tafiya ta makale a ofishin jakadanci, kuɗin mota bai fito ba, sai ka tarar wata uku sun wuce.

Ga abin da tsarewa ke yi wa jiki. Ɗaki mai cunkoso ba iska shi ne gidan tarin fuka da ƙazuwa da gudawa. Mizanin agaji na duniya ya ce aƙalla lita 15 ta ruwa ga mutum a yini, ban-ɗaki ɗaya ga mutum 20, da fili mai rufi murabba'in mita 3.5 ga kowa, kuma da wuya ka sami gidan tsare baƙi a wannan hanyar da ya cika ko ɗaya. A Zintan ta Libiya mutum 22 suka mutu tsakanin Satumba 2018 da tsakiyar 2019, akasari da tarin fuka. A Tajura, daren 2 ga Yuli 2019, bam ya faɗa kan wurin da aka kulle baƙi kusa da ma'ajiyar makamai, mutum 53 suka mutu, 6 yara ne. Ba su da hanyar gudu, don a kulle suke.

Ko inda ake da abinci da likita, ƙwaƙwalwar yaro ba ta tsira. Hukumar haƙƙin ɗan'adam ta Ostireliya ta binciki yaran da ƙasar ke tsarewa a 2014, ta tarar kashi 34 cikin 100 suna da matsalar ƙwaƙwalwa da ta kai a kai su ga likitan ƙwaƙwalwa, alhali a sauran yaran ƙasar abin bai wuce kashi 2 ba. Alamomin a bayyane suke: ɗan shekara 10 ya koma fitsarin kwance, firgita cikin barci, ƙin abinci, wani ya daina magana ɗungurungum, matasa su riƙa yanka jikinsu. Uwar da aka kulle tare da ɗanta ita ma nononta kan ragu, haƙurinta ya ƙare, yaron ya ga wadda yake fakewa a bayanta ba ta iya kare kanta. Binciken da Manfred Nowak ya jagoranta wa Majalisar a 2019 ya ƙiyasta aƙalla yara 330,000 ake tsarewa kowace shekara saboda ƙaura.

Game da sulalewa, yaro yakan gudu ne in bai san abin da ake shirya masa ba, ko in yana ganin za a mayar da shi gida hannu wofi ga bashi na jira. Abin da ke zaunar da shi: ma'aikaci guda ɗaya da ya san shi da suna, kiran waya gida a yini biyun farko, bayani na gaskiya kan zaɓin da ke gabansa, da abin yi da rana, karatu ko koyon sana'a. Wanda ake tsoron masu safara na bibiyarsa, sauya masa gari ake yi, a ɓoye adireshin gidan riƙon, a sa mai gadi yana tantance masu shigowa. Mai safarar ake kamawa. Kuma yaron da aka taɓa kullewa, karo na biyu zai bi hanyar da babu jami'i ko ɗaya, wadda ita ce babu rijiya. Abin da aka gani ke nan bayan an tsananta dokar 2015: direbobi suka bar babbar hanya suka shiga lungunan sahara.

Malamin Doka

Bari in ƙara abin da dangi za su yi in labari ya zo cewa an kama yaronsu, don a nan ake asarar kuɗi da lokaci.

A fara gane hannun wa yake. In ana kira ana sa shi kuka a waya ana neman kuɗi, wannan gidan bashi ne irin na Sabha ko Bani Walid, garkuwa da mutum ce, ba tsarewar hukuma ba. In kuwa yana ɗaya daga cibiyoyin hukumar yaƙi da ƙaura ba bisa ƙa'ida ba ta Libiya, wato DCIM, ma'aikatan OIM, hukumar ƙaura ta duniya, da na HCR kan sami shiga wasu daga ciki lokaci-lokaci, kuma abin da ake nema shi ne sunan yaron ya hau rajistarsu a matsayin yaro. Duk sanda ya sami waya, a tambaye shi sunan wurin da garin, ranar da aka kama shi, da sunan da shekarun da aka rubuta masa. Yara da yawa kan ba da sunan ƙarya ko su ƙara shekaru bisa shawarar masu safara, sai dangi su yi ta neman sunan da babu shi a kowane littafi.

A gida a haɗa hujjar shekaru: takardar haihuwa, in babu a nemi ta kotu da shaidu, ko katin rigakafi, ko takardar makaranta. A ɗauki hotonsu a waya, asalin ya zauna a gida. A kai buƙatar neman dangi ofishin Red Cross mafi kusa, kyauta ne, a kuma sanar da hukumar kare yara a Nijar, a Najeriya kuwa hukumar 'yan gudun hijira, NCFRMI, da hukumar yaƙi da safarar mutane, NAPTIP, in akwai alamar safara. Duk wanda ya ce a ba shi kuɗi zai sa sunan yaro a jerin jirgin OIM ko na HCR, ɗan damfara ne, ba a biyan ko sisi.

Maganar ofishin jakadanci tana da fuska biyu. Ɗan ci-rani yana da haƙƙin a sanar da jakadancin ƙasarsa, bisa sashe na 36 na yarjejeniyar Vienna ta 1963, kuma su ne ke ba da takardar tafiya ta wucin gadi. Mai neman mafaka kuwa, kamar yaran Sudan da Eritiriya da ke bin wannan hanyar, ba a kai sunansa jakadancin ƙasar da ya gudo daga gare ta sai da yardarsa, don hakan na iya jefa danginsa cikin bala'i. Shi ya sa tambayar "me kake tsoro in ka koma?" dole ta zo kafin a ɗaga waya. Irin waɗannan ne aka riƙa kwasowa daga Libiya ƙarƙashin shirin gaggawa na HCR, zuwa Nijar tun Nuwamba 2017, inda daga baya aka buɗe cibiyar Hamdallaye kusa da Yamai, da Gashora ta Ruwanda tun Satumba 2019. Gurbin kaɗan ne ƙwarai in aka gwada da masu buƙata. Wanda ya nemi mafaka a cikin Nijar, hukumar tantancewa ta ƙasa, CNE, ce ke duba takardarsa bisa dokar 1997, kuma yaro na iya nema da kansa ko ba babba tare da shi.

Uwar Riƙo

Ɗan Matamaye, ƙanena, saura mayarwa gida, wadda mutane ke ɗauka ita ce ƙarshen aiki. Tun yarjejeniyar Nijar da Aljeriya ta 2014 ake dawo da mata da yaran Kance da Magariya, kuma akwai waɗanda aka dawo da su fiye da sau ɗaya. Dalilin a fili yake: an sauke yaro a ƙofar gidan da ya tura shi, rumbu yana nan wayam.

Kafin a ɗora yaro a mota, wani ya je gidan da ƙafarsa. A tabbatar su ne danginsa, a nuna musu hoto, shi ma a nuna masa nasu. A gano wa ya yanke shawarar tafiyar, nawa ne bashin, wa ake bi. A tambayi yarinya a keɓe ko aure ta gudo wa, don in haka ne mayar da ita gidan mayar da ita ne ga abin da ta gudo wa, sai a nemi wata gwaggo ko kaka. Ra'ayin yaron a rubuta shi da kalmominsa. In shawarar babba ce, kamar raba shi da dangi ko kai shi wata ƙasa, ba mutum ɗaya ke yanke ta ba, kwamitin tantance maslahar yaro ne ke zama, kuma wanda ya rubuta rahoton ba ya cikin masu yanke hukunci.

Ranar miƙawa a yi ta gaban mai gari, da takarda da sa hannu, da rana ba da dare ba. A tafi da takardar haihuwarsa in an samo, da wasiƙa zuwa ga shugaban makaranta. A koma dubiya bayan wata ɗaya, sannan bayan wata uku, sannan a daidaita wata ziyarar da ƙarshen girbi, wajen Nuwamba zuwa Disamba, don lokacin ne motocin arewa ke sake cika.